Gyaran aksul ɗin gaba da sitiyarin tsohuwar tarakta

Yawancin tsofaffin taraktocin da ake kawowa Magazin ta Suame, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, daga garuruwan Ejura, Techiman da Atebubu da ƙorafi iri ɗaya suke zuwa: sitiyari yana yawo, tarakta ba ta tsayawa a kan layin huɗa, tayoyin gaba kuma suna cinyewa ta gefe guda. Mai tarakta yakan iso da hukuncinsa a baki, ya ce, "Masta, akwatin sitiyarin ne ya mutu, a nemo mini wani." Sau da yawa akwatin ba shi da laifi ko kaɗan. Girgiɗin da direba yake ji a hannunsa tarin ƙananan girgiɗi ne da suka taso tun daga taya, don haka daga taya ake fara bincike a bi shi gaɓa-gaɓa, akwatin ya zama na ƙarshen dubawa. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kafin ruwan Maris da Afrilu ya sauka kowa ya taso neman mai huɗa.

Zan ɗauki Massey Ferguson 135 a matsayin misali, wadda aka ƙera a Ingila da injin Perkins mai silinda 3, saboda har gobe tana aiki a gonakin masara kuma kayan gyaranta ba su yanke ba. Aksul ɗinta na gaba, wato ƙarfen da yake ɗauke da tayoyin gaba biyu, yana lilo ne a kan wani babban fin guda ɗaya a tsakiya. A kowane gefe akwai kinfin, wato tsayayyen ƙarfen da taya take karkata dama da hagu a kansa, da yake juyawa cikin bushin biyu (zobban da suke cikin bututun aksul), na sama da na ƙasa, da boris (zoben da yake sauƙaƙa juyi) a ƙarƙashinsa wanda yake ɗauke da nauyin gaban taraktar. Daga akwatin sitiyari hannuwa biyu suke saukowa, dama da hagu, kowanne da sandar da take tafiya zuwa wani hannun sitiyari da yake saman kinfin ɗin tayarsa. Wasu taraktocin hannu ɗaya gare su, sai wata sanda ta haɗa tayoyin biyu, amma hanyar binciken duk ɗaya ce.

Kafin a taɓa sufana, a ajiye taraktar a daɓe mai ƙarfi, a kashe inji, a sa giya, a tokare tayoyin baya gaba da baya. A ɗaga gaban da jak, sannan a ɗora nauyin a kan ƙarfen tokara ko katakai masu kauri, kada a bar shi a kan jak kaɗai, kada kuma a yi amfani da bulon siminti domin yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Akwai abin da sababbin yaran gareji suke mantawa: tunda aksul ɗin lilo yake yi, da zarar an cire taya ɗaya sai ɗaya ɓangaren ya rinjaya. A cusa katako tsakanin aksul da ƙarfen da yake riƙe da shi a kowane gefe kafin a cire komai.

Binciken na mutum biyu ne, ɗaya yana girgizawa, ɗaya yana tsugune yana kallo. A kama taya ta sama da ƙasa a girgiza. Idan motsin yana tsakanin cibiyar taya da kinfin, boris ɗin taya ne ya saki. Idan kuwa kinfin ɗin kansa ne yake motsi a cikin bututunsa, bushin ne suka cinye. Mai kallo ya ɗora yatsa a daidai inda hannun sitiyari ya zauna a saman kinfin, domin yatsa yana jin motsin da ido ba ya gani. Daga nan a sa doguwar sandar ƙarfe a ƙarƙashin taya a ɗaga a saki. Idan kinfin yana hawa da sauka sosai, boris ɗin ƙasa ya lalace, kuma shi ne yake sa sitiyari ya yi nauyi idan an juya. Sai a kama taya ta gefe da gefe a girgiza ana duban kawunan sanduna ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe a cire katakon da aka cusa, a tura ƙarshen aksul gaba da baya. Sama da ƙasa aikinsa ne ya yi lilo, amma gaba da baya bai kamata ya motsa ba, in ya motsa to fin ɗin tsakiya da bushinsa sun tafi. A rubuta duk abin da aka gano kafin a shiga kasuwa, don a sayi kaya a zuwa ɗaya.

Aikin kinfin shi ne ya fi cin lokaci, kuma a nan ake gane gwani. A cire taya, a raba sandar sitiyari da hannunta. Kan sandar a matse yake cikin rami mai tsukewa, don haka ba a dukan zarensa. A sassauta noti, a tokare gefe ɗaya na hannun da babbar guduma, a bugi ɗaya gefen da wata, zai saki da kansa. A kwance notin da ya ɗaure hannun a saman kinfin, a zare hannun, a cire ɗan makullin nan mai siffar rabin wata a adana shi, sannan a riƙe kinfin ta ƙasa domin da nauyinsa zai sulluɓo. A wanke shi da kananzir a bi jikinsa da farce a wurare biyun da bushin suke zama. Idan farce ya maƙale a wani gurbi, kinfin ɗin ya ci, kuma sabon bushin a kan irinsa ba zai kai ƙarshen damina ba.

A fitar da tsofaffin bushin da ƙarfen da ya yi daidai da bakinsu, a share bututun tas, a shigar da sababbi a miƙe ba tare da an lanƙwasa musu baki ba. Bayan an shigar da su sukan ɗan tsuke, kinfin ya ƙi shiga, kuma a nan ne masu gaggawa suke ɗaukar magagari su yi ta gurza har ramin ya zama ba zagayayye ba. Abin da ya dace shi ne a bi su da doguwar rima, ƙarfen da yake yanke cikin rami ya daidaita shi, wadda za ta ratsa bushin biyun a tare, ana yanka kaɗan-kaɗan ana gwadawa, har kinfin ya shiga da turin hannu, ya juya sumul ba girgiɗi. Wanda ba shi da rima ya kwance ɓangaren aksul ɗin ya kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe, waɗanda Suame take cike da su. Su ne kuma za su iya feƙe bushin na tagulla idan ba a samu na kamfani ba, ko su faɗaɗa ramin fin ɗin tsakiya su sa masa sabuwar riga idan an bar shi har ya ci jikin aksul. Wannan gyara ne mai kyau kuma ina goyon bayansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne walda a kan hannun sitiyari ko kan sanda, ko dukan kan da ya saki da guduma wai don ya matse. Waɗannan kayan canza su ake yi da sababbi, domin ranar da suka karye tarakta tana kan titi da tirela cike da buhuna babu abin da direba zai iya yi.

Boris ɗin taya ba shi da wuya. A wanke, a duba ko ya yi tsatsa ko zane, a cusa sabon giris cikinsa da tafin hannu, a canza robar da take hana ƙura shiga. A ɗaure notin ana juya taya har ta fara nauyi, sannan a sassauta zuwa gurbi na farko da fin mai baki biyu zai shiga. Fin ɗin ya zama sabo, ba ƙusar kafinta ba.

Sai bayan duk wannan ne ake waiwayar akwatin sitiyari. A daidaita tayoyi su kalli gaba, a juya sitiyari a hankali ana kallon hannuwan da suke saukowa daga akwatin. Tazarar da sitiyari ya yi kafin su motsa ita ce ainihin girgiɗin akwatin, kuma galibi za a tarar ta ragu ƙwarai a kan abin da ake zato. A duba mai, domin akwatuna da yawa a bushe suke ko kuma ruwan sama ya bi ta sandar sitiyari ya cika su. Man giya mai lamba 90 ake zubawa, bayan an canza robobin da suke yoyo. Akwati a tsakiya yake cinyewa, inda direba ya fi riƙe shi, saboda haka wanda ya matse shi har girgiɗin tsakiya ya ɓace gaba ɗaya zai tarar yana cijewa idan an murɗa zuwa ƙarshe. A bar masa ɗan sarari, a gwada daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu tayoyi suna sama. Idan ya zama dole a buɗe shi, a yi a kan faranti mai tsabta, a ƙirga ƙananan ƙwallayen ƙarfen da suke ciki kafin a wanke su.

Aiki na ƙarshe shi ne daidaita bakin tayoyi, kuma rashin yinsa ne yake cinye sabuwar taya. A sauke taraktar a wuri shimfiɗaɗɗe marar tudu ko gangare, iskar tayoyin biyu ta zama daidai, sitiyari a tsakiya. A tura ta gaba kaɗan, a sa alamar alli a tsakiyar kowace taya ta gaba daidai tsayin cibiya, a auna tazarar alamomin biyu. A sake tura ta gaba har tayoyi su yi rabin juyi alamomin su koma baya, a sake aunawa. Awon gaba ya yi daidai da na baya ko ya gaza shi da abin da bai wuce milimita 3 ba. A kan 135 sandunan biyu ake juyawa daidai wa daida, in ba haka ba sitiyari zai karkace, taraktar ta riƙa juyawa gefe ɗaya fiye da ɗayan. A ɗaure notocin sanduna, a buga giris a kowane bakin giris har tsohon ya fito, gaban yana ɗage idan zai yiwu don giris ya ratsa boris ɗin ƙasa. Bayan yini ɗaya na huɗa a sake bin notocin aksul da na tayoyi da sufana, sannan a lokacin aiki kinfin da fin ɗin tsakiya su riƙa samun giris kowace safiya kafin a fita gona.