Yadda Ake Kama Kifin Bas a Tafki Lokacin Tsananin Sanyi

Bas kifin ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka, kuma yana cikin kifayen da masu fatsa na can suka fi bi. Iri uku aka fi sani: mai faɗin baki, mai ƙaramin baki, da mai ɗigo-ɗigo. Wanda ya san giwan ruwa zai gane halinsa nan take, domin shi ma mafarauci ne mai kwanton ɓauna, ko da yake girmansu ba ɗaya ba ne ko kusa. Bayanin nan ya shafi tafkunan da ba sa daskarewa, irin Table Rock a jihar Misuri, Dale Hollow a iyakar Tenesi da Kentaki, Guntersville a Alabama da Lanier a Jojiya, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ɗumin ruwa yake tsakanin digiri 4 zuwa 10 a ma'aunin Salsiyas. Na'urorin jiragen can Faranhait suke nunawa, wato 39 zuwa 50.

Jikin kifi ɗumin ruwan da yake ciki yake bi. Da ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10, narkewar abinci a cikinsa tana jinkiri ƙwarai, ɗan kifi guda da ya haɗiye sai ya riƙe shi kwanaki. Yana ci, bai daina ba, amma ba zai bi abinci da gudu ba. Abin da aka kawo masa gaban baki, aka bar shi a wurin har ya gama shawara, shi yake ɗauka. Duk dabarun da ke ƙasa daga nan suka samo asali.

Neman wurin da suke

Rabin aikin hunturu nema ne, ba jifa ba. Kifayen sukan taru a wurare kaɗan su bar mafi yawan tafkin fayau, don haka mai bin gaɓa yana jifa ko'ina kamar yadda ake yi da bazara zai iya wuni bai ji ko taɓi ɗaya ba.

Ruwa ya fi nauyi a wajen digiri 4, kuma na ƙasa ba ya saurin sauyawa in iska mai sanyi ta buso kamar yadda na sama yake yi. Bas yana son wannan daidaito. Yana kuma son wurin da zai hau ko ya sauka mita biyu ko uku ba tare da doguwar tafiya ba. Shi ya sa gangare mai tsaye ya fi shimfiɗaɗɗen fili. A tafkunan da aka samar ta hanyar datse kogi, tsohon kwarin kogin da na rafukan da ke shiga cikinsa suna nan a ƙarƙashin ruwa, kuma taswirar zurfi tana nuna su. Ka nemi inda kwarin ya yi kwana ya bugi gaɓa, da bangon dutse mai miƙewa cikin ruwa, musamman ƙarshensa inda manyan duwatsu suka koma tsakuwa, da hancin ƙasa da ya shiga babban tafki, da ginshiƙan gada, da duwatsun da aka jibge a jikin madatsa. A ruwa garau za ka same su daga mita 6 har 15. A tafki marar zurfi mai ciyawa kamar Guntersville sau da yawa mita 2 zuwa 4 ne kawai, a bakin sauran ciyawar da ba ta mutu ba.

Kafin ka jefa komai, ka zagaya da jirgi a hankali kana duban na'urar hango kifi na minti 20 ko 30. Abin da kake nema garken shad ne, ƙananan kifaye masu launin azurfa da bas ke ci, waɗanda suke fitowa a allo kamar dunƙulen gajimare. Garke dunƙulalle babu komai kusa da shi ba a taɓa shi ba. Wanda ya yage ya rarrabu, da manyan alamu a ƙasansa, ana cinsa. Ka riƙe zurfin da ka gan su, domin galibi a wannan zurfin za ka same su a sauran sassan tafkin ran nan. Tsuntsayen ruwa masu faɗawa wuri ɗaya ma alama ce da ba ta buƙatar batir.

Akwai wani irin shad ɗan ƙarami da ba ya jure sanyi. In ruwa ya sauka ƙasa da digiri 7 sai ya fara galabaita, yana karkarwa yana nutsewa a karkace. Wannan faɗuwar ce kotunan hunturu suke kwaikwayo.

Koton da ke tsayawa a tsakiyar ruwa

A ruwa garau mai ɗumin digiri 5 zuwa 10, babu koton da ya kai dogon kifin roba mai ɗan leɓe a gaba, wanda aka ƙera don kada ya nutse kuma kada ya taso. Megabass Vision 110 da Rapala Husky Jerk da Smithwick Rogue duk irinsa ne. Vision 110 tsawonsa milimita 110 ne, nauyinsa giram 14, yana sauka kusan mita ɗaya da rabi. Ana haɗa shi da sanda mai tsawon kusan mita 2 mai ɗan laushi a kai, da zaren fulorokabon mai ɗaukar fam 8 zuwa 10, domin wannan zaren yana nutsewa kuma ba ya bayyana sosai a ruwa.

Ka jefa nesa, ka naɗa kwarkwaro sau bakwai ko takwas don koton ya kai zurfinsa. Sai ka fizgi kan sandar ƙasa sau biyu, ka mayar da shi wajen koton don zaren ya saki, ka tsaya. Tsayawar ita ce aikin. A digiri 9 ko 10, daƙiƙa 3 zuwa 5 sun isa. A digiri 5 ko 6, ka ƙirga 15, wani lokaci har 30. Ka ƙirga da baki, domin hannun da sanyi ya kama gaggawa yake yi, abin da kake zaton daƙiƙa 10 ne sai ka tarar 4 ne. Kusan duk cizon a lokacin tsayawa yake zuwa, kuma ba lallai ka ji shi a hannu ba. Zaren ne zai ɗan zabura ko ya fara tafiya gefe, ko kuma ka zo fizga ka ji nauyi. Kada ka wafce da ƙarfi, ka ja sandar gefe kana naɗawa, domin ƙugiyoyin sirara ne, suna miƙewa ko su yage baki.

Kurakurai biyu suke ɓata wannan koto. Na farko fizga da zare a miƙe, wanda ke sa shi ya tafi gaba sak maimakon ya waiga hagu da dama. Na biyu rashin gwada shi a gefen jirgi. Ruwan sanyi ya fi nauyi, don haka koton da ya tsaya cak a watan Oktoba yana iya tasowa a Janairu, kuma bas mai sanyin jiki yakan juya ya bar abin da ke guje masa sama. Ka manna ɗan siririn dalma a cikinsa kusa da ƙugiyar gaba, ko ka sa ƙugiya mai ɗan nauyi, har ya tsaya ko ya riƙa nutsewa sannu a hankali.

In kifin yana ƙasa

In na'ura ta nuna su manne da ƙasa a mita 8 zuwa 15, ka koma koton ƙarfe. Silver Buddy mai giram 14 falle ne da ke karkarwa in an ja shi. Ka bar shi ya taɓa ƙasa, ka ɗaga kan sanda taƙi ɗaya ko biyu, daidai inda ka fara jin karkarwar, ka sauke shi kana binsa da zare ba tare da ka sake shi duka ba. Ɗagawa mai tsawo tana fitar da shi daga gaban kifin, sakin zare gaba ɗaya kuma yana sa ƙugiya ta harɗe da zaren. Koton ƙarfe mai siffar cokali irin na Hopkins mai giram 21 haka ake aiki da shi, amma a tsaye ƙarƙashin jirgi, a tsakiyar garken shad.

A kan duwatsu, jig, wato ƙugiya mai kan dalma, na giram 10 zuwa 14, launin ƙasa ko kore mai duhu, yana kwaikwayon jatan landen ruwan daɗi. Ja ake yi da sanda, taƙi biyu, a tsaya daƙiƙa 5, ba tsalle ba. Wutsiyar robar da za ka sa masa ta zama marar yawan motsi, domin babu halittar da ke rawar jiki a ruwa mai digiri 6.

Masu bin bas mai ƙaramin baki a Dale Hollow, tafkin da wani mai fatsa, David Hayes, ya kama mafi girma da aka taɓa rubutawa, mai fam 11 da oza 15, a 1955, suna da dabarar da ta dace da ruwa ƙasa da digiri 8: ɗan jig na gashi mai kusan giram 2, a rataye mita 3 ƙarƙashin ɗan ƙwallon da ke shawagi a saman ruwa, da sanda mai mita 2 da rabi zuwa 3 da zare mai fam 4 zuwa 6. Ana jefawa jikin bangon dutse a bar igiyar ruwa ta riƙa kaɗa shi. Akwai kuma koton da aka haɗa da wayar ƙarfe mai rassa biyar da ke kama da ƙaramin garke, wanda ya yi suna bayan wani mai fatsa, Paul Elias, ya ci gasa da shi a Guntersville a 2011. Yana kamu sosai, amma ka duba doka, domin jihohi kamar Misuri ba su yarda da fiye da kotuna uku masu ƙugiya a jikinsa ba.

Game da lokaci, ba sai ka yi sammako ba. Daga hantsi zuwa la'asar ya fi, musamman bayan kwana uku na rana a jere, lokacin da duwatsun gaɓar arewa masu fuskantar kudu suka sha rana suka ɗumama ruwan kusa da su da digiri ɗaya. Ruwan da ya haɗa sanyi da laka shi ne mafi muni, in ka tarar da shi ka gangara wajen madatsa inda ya fi haske.

Kifin da aka ciro daga fiye da mita 9 jakar iskar cikinsa tana kumbura, sai ya kasa nutsewa in an sake shi. Ka sake shi nan take, ko ka mayar da shi ƙasa da na'urar saukarwa mai nauyi. Huda jakar da allura aikin wanda aka koya wa ne, kuskure kaɗan ya taɓa hanta ko hanji.

Sanyi da kayan aiki da kai kanka

In iska ta kai ga daskarar da ruwa, ƙanƙara tana toshe zobban sanda ta kankare zare. Ka tsoma sandar a ruwa ka girgiza, ko ka shafa wa zobban ɗan man leɓe tun da farko. Kitsattsen zare yana shan ruwa ya daskare a kwarkwaro, don haka a ajiye shi a irin wannan rana. Batir ma ƙarfinsa yana raguwa da sanyi, a cika shi tun daren da ya gabaci fita.

Rigar ceto a jiki take zama, ba a ƙarƙashin kujera ba. Wanda ya faɗa ruwa mai digiri 5, minti na farko numfashinsa ne ke ƙwace masa, kuma cikin kusan minti 10 hannuwansa suke daina riƙo, tun kafin sanyi ya kai ga cikin jiki. Kada ka fita kai kaɗai, ka ɗaura a jikinka igiyar da ke kashe inji in ka faɗa ruwa, ka guji tufafin auduga domin suna riƙe ruwa, ka ajiye busassun kaya cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Bayan ka fitar da jirgi, ka sauke injin tsaye na 'yan mintuna ruwan cikinsa ya tsiyaye, in ba haka ba ya daskare da dare ya fasa ƙasan injin. Ka kuma bar tirela ta tsane a bakin ruwa kafin ka hau gangaren, domin ruwan da ta zubar shi ne ƙanƙarar da motar mai zuwa bayanka za ta zame a kai.