Yadda ake karanta katin wuta na jikin mukayyif kafin a biya kuɗi a Saudiyya

A Makka zafi yakan wuce digiri 45 tsakanin Yuni da Agusta, a Jidda kuma ga zafi ga gumi, don haka mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba kayan alatu ba ne. Fiye da rabin wutar da gida ke sha a ƙasar nan wajen sanyaya ɗaki take tafiya. Kuɗin da ka miƙa wa mai shago ranar saye somin taɓi ne, sauran za ka riƙa biyansa wata-wata a fatura, wato takardar kuɗin wuta, har na'urar ta mutu. Katin nan mai launuka da ke manne a jikinta shi ke gaya maka nawa ne sauran, in ka iya karanta shi.

Hukumar kula da ingancin kaya ta Saudiyya, SASO, ita ke bayar da katin, kuma doka ba ta yarda a shigo da sabon mukayyif ko a sayar da shi babu kati ba. Haka firji, injin wanki, na'urar ɗumama ruwa da ƙwan fitila. Ganyen da kamfani ya zana a kwali, ko rubutun cewa kayan "abokin muhalli ne", talla ce. Babu wanda ya gwada ta, kada ta sa ka ƙara ko riyal ɗaya.

Abin da ke kan katin

Da can taurari ake ƙirgawa. Yanzu haruffa bakwai ne a jerin abajada, irin wanda muka sani tun makarantar allo: alif, ba, jim, dal, ha, wau, zai. Alif yana sama da kore shar, shi ne mafi tsimin wuta. Ana gangarowa ta rawaya har a kai zai da ja. Idan ka ga sabon kwali da katin taurari, kwantai ne, ya daɗe a sito.

Yawancin masu saye a kan launin suke tsayawa, alhali lambobin da ke ƙasa sun fi shi magana. Akwai wutar da na'urar za ta sha a shekara, an rubuta ta da kWh, ma'aunin da mita ke ƙirga wuta da shi. Akwai ƙarfin sanyayawa da BTU. Akwai kuma lambar tsimi, EER ko SEER. EER sakamakon raba ƙarfin sanyi da wat ɗin da na'urar ke ja ne: mai ba da BTU 18,000 da wat 1,500 tana da 12, mai jan wat 2,000 don ba da sanyi iri ɗaya tana da 9. SEER kuwa matsakaicin aikinta ne a duk tsawon lokacin zafi, da ranakun da rana ta ƙwalle da waɗanda ta yi sauƙi. Duk biyun, mafi girma shi ne mafi alheri, amma ba a gwada EER na wannan da SEER na waccan. Ma'auninsu daban.

Sai T1 da T3, waɗanda za ka gani a katin ko a farantin bayanai na gefen na'urar. T1 gwaji ne da aka yi zafin waje yana digiri 35, T3 kuma yana digiri 46. Mai zama a Abha ko Ɗa'ifa, inda zafi ke da sauƙi, zai iya duba T1 ya wuce. Mazaunin Makka ko Madina, T3 ne nasa, domin da azahar ɗin Yuli ake gane na'ura. Duk mukayyif yana rage sanyi ya ƙara jan wuta idan waje ya yi zafi, sai dai wani ya fi wani faɗuwa. Na'urori biyu za su iya zama harafi ɗaya, amma a T3 ɗaya ta bar ɗaya nesa. Ka kuma lura cewa abin da mai shago ke kira "sha takwas" suna ne na kasuwa, ainihin ƙarfin da aka auna sau da yawa bai cika 18,000 ba.

Mayar da lambar zuwa riyal

Tun Janairun 2018 wutar gida halala 18 ce (halala ɗari ne riyal ɗaya) kowane kWh har zuwa 6,000 a wata. Abin da ya haura haka halala 30 ne. A kai kuma akwai harajin kashi 15 cikin ɗari da ya fara aiki a Yulin 2020.

A ce kana gaban na'urori biyu masu ƙarfi ɗaya. Katin ta farko ya ce 5,000 kWh a shekara, na ta biyu ya ce 3,600, amma ta biyun ta fi tsada da riyal 700. Bambancin wutarsu 1,400 ne. Ka ninka da halala 18, riyal 252 ke nan, da haraji kusan 290. Kafin shekara biyu da rabi ta mayar maka da kuɗinka, daga nan riba kake ci. Idan kuma gidan haya kake, inda iyalai da yawa ke kan mita ɗaya kuna haura 6,000 a bazara, to duk abin da mukayyif ɗinka ya ƙara a kan halala 30 ake lissafa shi. Bambancin zai iya kaiwa riyal 483 a shekara, cikin shekara ɗaya da rabi ka fanshe. Araha dai ba ta ado.

Lambar shekarar an fitar da ita ne a kan wasu sa'o'in aiki da aka ƙaddara. Gidan da na'ura ba ta hutawa dare da rana zai sha fiye da haka. Amfaninta gwada wannan da waccan, ba alkawari ba ce.

Tabbatar da katin

Buga kati a manna ba wuya, saboda haka kada ka yarda da ido kaɗai. Sauke manhajar Ta'akkad ta SASO a wayarka, ka haska ɗan murabba'in QR da ke kan katin. Za ta nuna maka sunan kamfani, lambar samfur da matakin da aka yi wa rajista. Daga nan aikinka ne ka gwada lambar samfur ɗin a wuri uku: manhajar, kwalin, da farantin jikin na'urar. Harafi ɗaya ya bambanta, wata na'ura ce daban. A sifilit, wato mai gida biyu, ka duba na ciki ka duba na waje, domin tare aka gwada su, kuma haɗa na cikin wani da na wajen wani yana rushe duk lissafin katin. Ranar da aka kawo kayan gida ka sake dubawa kafin direba ya tafi, tunda wanda ka gani a shago na nuni ne.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar samfur ka adana. Garantin kayan wuta a ƙasar nan bai gaza shekara biyu ba, kamfanoni da yawa kuma suna ba kwamfiresa, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, fiye da haka. In ka tarar da kati na bogi ko kaya marasa kati, ana kai ƙara ma'aikatar kasuwanci ta lamba 1900 ko ta manhajar Balag Tijari.

Na hannu fa? A haraj, wato kasuwar gwanjo, irin Sawarikh ta Jidda, ana samun mukayyif a kuɗi kaɗan, kuma ba kowa ke da halin sabo ba. Kati ya riga ya ɓare, to farantin za ka karanta: raba BTU da wat ka samu EER da kanka. Ka duba irin gas ɗin. R22 tsohon yayi ne, yana cikin masu lalata lemar ozon da yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta sa a daina, kuma 2030 aka yanke wa ƙasashe masu tasowa. Kullum samunsa ƙara wuya yake. R410A ba ya taɓa ozon, amma ƙarfinsa wajen ɗumama duniya ya ninka na hayaƙin kabon sau dubu biyu da 'yan kai. R32 bai kai sulusin haka ba, sai dai yana ɗan kama wuta, shi ya sa ba kowane mai gyara ake ba shi ba.

Girma da ɗauri

Alif ɗin da aka saya ba daidai da ɗaki ba asara ne. Ƙiyasin da masu gyara ke yi shi ne tsawo sau faɗi sau bisa, da mita, a ninka da 300. Ɗaki mai mita 5 da 4, rufinsa mita 3, ya ba da 60, sau 300 ya zama 18,000, wato tan ɗaya da rabi, tunda tan ɗaya BTU 12,000 ne. Idan ɗakin ne na ƙarshe a saman bene, ko tagarsa na kallon yamma, ko mutane da yawa ke kwana ciki, a ƙara. Wadda ta yi wa ɗaki kaɗan ba za ta huta ba, kuma ba za ta sanyaya ba. Wadda ta yi yawa tana kunnawa tana kashewa a jere, ta sanyaya iska ba ta tsotse danshi ba, sai ka ji ɗaki da sanyi amma jiki na naso. Mutanen Jidda sun fi kowa sanin wannan. Mai inbata ta fi dacewa da gidan da ake barinta a kunne sa'o'i da yawa, don kwamfiresarta rage gudu take yi maimakon ta tsaya cak ta sake tashi.

Wajen ɗauri ka tsaya a kan mai aikin. Dole ya zuƙe iskar bututu da injin zuƙa kafin ya saki gas. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, danshin da ya rage a ciki kuma shi ke cin kwamfiresa a hankali. Gidan waje ya samu inuwa da sarari ta baya da gaba, kada a cusa shi a lungun da zai riƙa shaƙar zafin da ya fitar. Bututun ruwa ya gangara. A ja masa wayarsa ta kansa, kada a haɗa shi da jona, domin wat 2,000 kusan amfiya 9 ne a kan layin 230. Wasu tsofaffin gidaje har yanzu akwai soket mai 127, a auna kafin a jona.

Bayan haka sai kula. A sa shi a digiri 24. Sa shi a 16 ba ya hanzarta sanyi, hana kwamfiresa hutu kawai yake yi. A wanke ragar tace ƙura duk mako biyu, a wanke gidan waje kafin bazara ta shigo, musamman kusa da teku inda gishiri ke cin ƙarfe. Gas ba man mota ba ne da ke ƙarewa. Idan ya ragu, wani wuri ke yoyo, mai gyaran da ya ƙara gas bai nemi yoyon ba zai dawo maka wata mai zuwa. Ƙanƙara a bututu galibi alamar ɗaya daga biyu ce, raga ta toshe ko gas ya zube. Fara da ragar, ita kyauta ce.

Sauran katunan

Firji da injin wanki tsarinsu ɗaya, sai dai a gwada masu girma ɗaya. Kan famfo, shawa da tankin masai suna da katin tsimin ruwa, wanda ya cancanci dubawa a ƙasar da yawancin ruwan shan biranenta daga teku ake tace shi. Sabuwar mota da taya ma kowanne da nasa.

Leda ce ke da ɗan ruɗani. Tun 2017 SASO ta wajabta wa ledar cefane, ledar shara da ledar sufura, wadda ake shimfiɗawa a ci abinci a kai, su zama irin wadda ke rugujewa, da tambarinta a jiki. Wannan leda tana buƙatar rana da iska kafin ta farfashe, kuma ba taki take zama ba. Tarayyar Turai ma ta hana irinta daga 2021 saboda ɓarɓashin roba da take bari. Tambarin shaida ce cewa ledar ta cika dokar ƙasa, ba izinin yar da ita a titi ba. Mai shago ya tabbata ledar da yake sarowa tana da shi. Mai shigo da kaya daga waje kuma ya yi rajistarsu a dandalin intanet na SASO mai suna Saber, wanda ya fara aiki a 2019, tun kafin kwantena ta taso, in ba haka ba ta zauna a tashar Jidda kuɗin ajiya na hawa.

Masu saye don aika wa gida Kano, Zinder ko Maraɗi su duba layi ɗaya a farantin kafin komai. Wutar Saudiyya 60Hz ce, ta Najeriya da Nijar 50Hz. Mukayyif ko firjin da aka rubuta masa 60Hz kaɗai, idan ya je can, injinsa zai rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, sanyi ya ragu, ya riƙa ɗaukar zafi, kuma garantin wakilin Saudiyya ba zai bi shi can ba. Sai wanda aka rubuta wa 50/60Hz ake ɗora wa jirgi.