Yadda ake gyara libar giyar otomatik da ta yi tauri a tsohuwar jif

Tsohuwar jif mai giyar otomatik, irin su Land Cruiser 80 da aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, ko Pajero, ko Jeep Cherokee, takan kai lokacin da sai ka sa hannu biyu kafin libar ta tashi daga P zuwa D. A nan Sakkwato ba abin mamaki ba ne: ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, zafin bazara da ke haura digiri 40 yana busar da giris, damina kuma ta zo a ratsa ruwa da laka a hanyoyin fadama wajen Wurno da Goronyo. Abin da ke ci mini rai shi ne saurin cewa "giyabos ya tafi", a sauke shi a kashe maƙudan kuɗi, alhali galibi ciwon yana waje, tsakanin hannunka da giyabos ɗin. Aikin libar bai wuce jan kebul ko tura sandar ƙarfe ba, su kuma su juya wani ɗan hannu da ke gefen giyabos. Shi ya sa canjin man giya ba kasafai yake taɓa wannan taurin ba.

Da farko ka tantance irin taurin. Idan a P kaɗai take maƙalewa, musamman in ka ajiye motar a gangare, to nauyin motar ne ya danne ɗan haƙorin ƙarfen da ke kulle giya. A ɗan turo motar zuwa tudu, sannan ka taka birki ka ja libar, za ta saki. Daga ranar ka riƙa jan birkin hannu kafin ka sa P. Idan kuma a fili take amma ta ƙi fita sam, ka sa yaro ya tsaya a baya ka taka birki. In fitilun birki ba su kama ba, duba fis da makunnin da ke saman fedar birki, domin a motoci da yawa shi ne ke ba makullin liba izinin buɗewa. Wannan aikin mai wayarin ne, ba na mai giya ba.

In kuwa taurin yana nan daga P har zuwa L, sai an shiga ƙarƙashin mota.

Ka sami wuri mai shimfiɗe, ka kashe inji, ka bar salansa ta huce. Ja birkin hannu, ka sa weji gaba da bayan taya. Kada ka raina wannan, domin da zarar ka juya ɗan hannun nan daga P, babu abin da ke riƙe motar, kai kuma kana kwance a ƙarƙashinta. Ka duba ƙaramar libar fowil ma: in tana N, ko da babbar libar tana P motar za ta iya gangarawa. Kayan aikin ba yawa: sifana 10 da 12 da 14, filaya, sukudireba, tocila, tsumma, samfefa mai laushi, kananzir, gwangwanin WD-40 da giris mai kyau.

Yanzu sai aikin da ya fi kowanne muhimmanci, wato raba gardama. A gefen giyabos za ka ga inda kebul ko sanda ta haɗu da ɗan hannun, an riƙe ta da noti ko ɗan kilif. Land Cruiser 80 sanda gare ta, Cherokee kuwa kebul. Ɗauki hoto da wayarka, ka yi alama da fenti inda notin yake zaune, sannan ka kwance. In a gareji kake, ka ce wa makaniken, "Malam, a cire min haɗin nan tukuna mu gwada, kafin a taɓa giyabos." Mai sanin aikinsa ba zai ƙi ba.

Da an raba su, juya ɗan hannun giyabos da hannunka. Lafiyayye yana tafiya ƙas, ƙas, ƙas, kowane zango da ɗan tsayawarsa, ba tare da ka yi nishi ba. Sannan ka shiga mota ka motsa liba. Wanda ya yi tauri a cikin biyun, shi ne mai laifi.

Idan ɗan hannun giyabos ne, dubi inda sandarsa ta ratsa ta cikin wani makunni mai soket, wanda ke hana mota tashi sai a P ko N. Nan laka ke bushewa, tsatsa ta kama. Yi alamar yadda makunnin yake zaune kafin ka kwance shi, don in ya goce mota za ta ƙi tashi. Zare shi a hankali, kada ka ɓanɓare shi da sukudireba da ƙarfi, yana fashewa. Goge sandar da samfefa har ta yi haske, ka wanke, ka shafa giris kaɗan. Sau da yawa makunnin kansa ne ya daskare a ciki, tsohon giris ya zama kamar busasshen ƙaro. Ana buɗe shi a wanke a sake masa giris. Amma in ka cire makunnin, sandar ita kaɗai ta ƙi juyawa, ka tsaya nan. Wannan na ciki ne, sai mai gyaran giya.

Idan kuwa libar ce mai tauri, cire murfin robar da ke tsakanin kujeru. Abin da za ka tarar a wurin zai ba ka mamaki: ƙura ta haɗu da tsohon giris ta zama baƙin danƙo, ga ɓawon gyaɗa, ga ƙwallon dabino, wani lokaci har tsabar kuɗi ta maƙale a hanyar liba, ga shayin da ya zube ya bushe. Share duka. A mota mai kebul, cire kebul ɗin daga liba ka sake gwadawa. In har yanzu da tauri, gindin libar ne. Zare kusar da take juyawa a kai, ka wanke da kananzir, ka goge tsatsa, ka duba 'yan bushin roba da ke gefe biyu. Waɗanda suka kumbura ko suka farfashe a canza su, ba su da tsada. Shafa giris, ka goge wanda ya yi yawa, domin a garin nan giris da aka bari a fili gayyatar ƙura ne.

In liba ta saki bayan an cire kebul, to kebul ɗin ne. Bi shi da tocila daga farko har ƙarshe. Ka nemi inda ya lanƙwashe, ko inda ya jingina da salansa rigarsa ta narke, ko robar bakinsa ta yage ruwa ya shiga. In bushewa ce kawai, ɗaga baki ɗaya sama ka fesa mai, kana ja kana turawa har ya saki. Ni dai ra'ayina, kebul da ya fara tsatsa a ciki ko zarensa ya fara tsinkewa, a canza shi. Feshi zai lallaɓa shi na ɗan lokaci ne, kuma ba ka so ya tsinke maka a hanyar Illela da dare. In na Beljiyam za ka saya, ka ja shi da hannu a gaban mai shago ka ji yana sulɓi. Ka kuma sa a duba wayar da ke haɗa inji da bodi. In ta tsinke ko ta yi tsatsa, wutar kik kan bi ta cikin kebul ɗin giya ta ƙona shi, sabon ma haka zai yi.

Wajen mayarwa sai an daidaita. A Toyota mai sanda, tura ɗan hannun giyabos har ƙarshe wajen P, ka dawo da shi zango biyu, N ke nan. Sa libar cikin mota a N, wani ya riƙe ta yana ɗan karkata ta wajen R, ka ɗaure notin. A Cherokee kuwa a P ake daidaitawa.

Kafin ka cire weji, taka birki ka murɗa makulli a kowane harafi. Mota ta tashi a P da N kaɗai, fitilar ribas ta kama a R, harafin da liba ke nunawa ya dace da giyar da ta shiga. In ta tashi a D ko R, kada ka fita da ita titi, koma ƙarƙashi ka sake daidaita notin.