Yadda Ake Shirya Jirgin Ruwa Mai Filafilai a Lokacin Hunturu Domin Ƙetare Tekun Atlantika

Wanda yake da niyyar tashi daga kudancin Ingila zuwa tsibiran Karibiyan ba shi da wani lokacin gyara sai hunturun da ya gabaci tafiyar, domin iska ce take tsara masa jadawali. Ana so a ƙetare mashigin Biskay, wanda yake tsakanin Faransa da Sifen, daga Yuni zuwa Agusta, kafin guguwar kaka ta kankama, a gangara gaɓar Fotugal zuwa tsibiran Kanari, sannan a tashi daga birnin Las Palmas da ke can a ƙarshen Nuwamba, lokacin da kakar mahaukaciyar guguwa take ƙarewa a Atlantika. A wannan lokacin ne ayarin ARC, gangamin jirage masu filafilai da suke ƙetare Atlantika tare kowace shekara, wanda aka fara a 1986, yake tashi. Daga can zuwa tsibirin Sen Lusiya a Karibiyan kimanin mil 2,700 ne na teku, tafiyar kusan mako uku babu tasha babu makaniki.

A fitar da jirgin daga ruwa tun watan Oktoba, a wanke ƙasansa, a bar shi a kan matokarai ya bushe. A ranar ce kuma za a ba da umarnin sauke jigon, wato doguwar sandar da take ɗauke da filafilai. Nan ne sababbin shiga suke yin kuskure. Kuɗin hayar injin ɗaga kaya yakan ba su haushi, sai su bar jigon a tsaye, su aika wani ya hau ya duba na rabin awa, sauran kuɗin kuma su zuba shi a na'urorin taswira da sabon fenti. Na ga jiragen da suka isa Kanari da kayan lantarki na alfarma, amma masu su suna yawon neman mai gyaran waya ana saura kwana kaɗan a tashi.

Idan jigon ya kwanta a ƙasa, a bi shi daga sama har gindi. Wayoyin ƙarfen da suke riƙe shi ba su cika tsinkewa a tsakiya ba. A bakin matsewa suke mutuwa, inda aka cusa wayar cikin bututun ƙarfe aka danne. Ruwan gishiri yana gangarowa ya taru a matsewar ƙasa, ya kumbura ta daga ciki har ta tsage. A goge kowace ɗaya, a duba da gilashin ƙara girma, kuma sili ɗaya tak da ya ɓalle ya isa a jefar da wayar gaba ɗaya. Idan wayoyin sun kai shekara 10, a canza su duka ko da suna sheƙi, domin kamfanonin inshora da yawa ma abin da suke nema ke nan.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne farantan ƙarfen da wayoyin suke kamawa a jikin jirgin. Ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa yana buƙatar iska kafin ya kare kansa, kuma daidai inda farantin ya ratsa daɓen jirgi, a cikin danshi da ƙaro, iska ba ta kaiwa. Sama fes, ƙasa fes, amma tsakiyar da ido ba ya gani ta cinye. Babu wata dabara sai a kwance notuna a zaro farantin a gani. Aikin yana da wahala, wani lokaci sai an ɓamɓare katakon ɗaki, shi ya sa ake ƙin yinsa. Ɗigon ruwa mai launin ƙasa a bangon ciki alama ce cewa an riga an makara. A hanyar Karibiyan iska tana bugowa ne daga baya, jirgin yana layi dama da hagu dare da rana, kuma kowane layi fizga ce a kan waɗannan faranta.

Tun kafin Disamba a kai filafilan wurin maɗinkinsu, domin idan bazara ta matso layi yakan yi tsawo, kuma wasu suna rage kuɗi a hunturu. A ce masa ya ƙara faci a duk inda filafili yake gugar ƙarfe ko waya. Guga ce take kashe kaya a doguwar tafiya, fiye da ƙarfin iska.

Sai ƙasan jirgin. Kowace kafa da take shigar da ruwa ko fitar da shi tana da bawul, kuma a kankare kowanne da wuƙa: idan tagullar ta nuna ja-ja, tutiyar cikinta ta zube, ƙarfen ya zama gautsi, a canza shi. A ɗaura turken katako kusa da kowane bawul domin toshewar gaggawa. A girgiza allon tuƙi a ji ko yana wasa, a kuma tabbatar ruwa bai shige shi ba, domin idan ya daskare a ciki yana tsaga shi. Wannan ya ƙara muhimmanci tun 2020, da manyan kifayen orka suka fara dukan allunan tuƙi a gaɓar Sifen da Fotugal.

Injin ba ya cin lokaci sosai. A canza baƙin mai kafin a ajiye shi, a zagaya maganin daskarewa a hanyar ruwansa, a cire robar famfon sanyaya shi, a riƙa cajin batura. Amma tankin dizal, a buɗe shi a wanke. Ruwa yana kwanciya a ƙasansa, ƙwayoyin cuta su haifar da dauɗa mai yauƙi, wadda ba ta motsi a tasha sai igiyar ruwan Biskay ta kaɗa ta, ta toshe filta.

A Janairu a aika kwalekwalen ceto a duba shi, a duba wa'adin batirin na'urar kiran agaji da rajistarta, a sayi filtoci da bel na ajiya. Fentin hana tsiro a ƙasan jirgi da sababbin dunƙulen tutiya, waɗanda suke kare ƙarafan ƙasan jirgi daga cinyewa, sai Maris. A mayar da jirgin ruwa a Afrilu, a fita da shi a rana mai iska, a kwana a teku aƙalla sau ɗaya, sannan a sake ɗaure sababbin wayoyin, domin sukan saki kaɗan bayan fitar farko.