Yadda Za Ka Gane Aikin Tsoka da Ƙashi da Fiffiken Kaza Ɗaya

Duk shekara in WAEC ta matso sai in ga ɗalibai a nan Zariya sun haddace cewa jikin baligi yana da ƙasusuwa 206 da tsokoki sama da 600, amma ka ce su nuna maka abin da ke lanƙwasa gwiwar hannu, sai a yi tsit. Fiffiken kaza ɗaya ya ishe ka maganin wannan.

Je kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru, ka ce wa mai kaji ya cire maka fiffike tun daga kafaɗa, kada ya sare shi a gaɓa. Ɗanye nake nufi, don dafaffe ba ya motsi. Kuma kazar Hausa za ka nema, ta gidan gona kitse ya yi mata yawa, agararta, wato igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, ba ta fita sosai. In kuɗi sun yi kaɗan, ku haɗa ku huɗu ku sayi ɗaya.

Wurin cire fata ne kowa ke ɓata aikin, ni ma nan na ɓata nawa na farko. Na sa reza na tsaga har ƙasa, na datse wani farin zare mai sheƙi kusa da gaɓa ina zaton kitse ne. Ashe agara ce, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, kuma da ta tsinke komai ya tsaya. Don haka ajiye reza. Ɗaga fatar da yatsu, ka zura bakin almakashi a ƙarƙashinta yana kallon sama, ka riƙa yanka kaɗan-kaɗan. Duk farin abin da ka gani, ƙyale shi tukuna.

Kalmar jijiya ce ke rikita mu, don da ita muke kiran hanyar jini, da mai kai saƙon ƙwaƙwalwa, da agara. Bi zaren da yatsa: in ya taso daga jan nama ya ƙare a ƙashi, agara ce. In ƙashi da ƙashi ya haɗa a cikin gaɓa, ligament ne, aikinsa riƙe gaɓar kada ta goce.

Yanzu riƙe ƙashin sama gam, ka ja tsokar gaba. Fiffiken zai naɗe. Saki, ka ja ta baya, zai miƙe. Tsoka ja kawai ta iya, ba ta turawa, shi ya sa suke aiki bibbiyu, ɗaya na tsukewa ɗaya na saki. Haka damtsenka yake: bayisef, tsokar gaba, ta taso daga allon kafaɗa ta sauka a radiyus, ɗaya daga ƙasusuwa biyu da ke ƙasa da gwiwar hannu, tirayisef kuma, tsokar baya, ta kama tsinin gwiwar hannu ta baya. Ƙarshen tsoka da ba ya motsi shi ne tushe, wanda ake ja shi ne masauki.

A jiki mai rai, saƙon jijiyar ƙwaƙwalwa ne ke sa a saki kalsiyam cikin tsoka, ƙananan zaruruwan cikinta da ake kira mayosin su ja waɗanda ake kira aktin, tsokar ta gajarce. Zana abin da ka gani nan take, sannan ka wanke hannu da almakashi da sabulu, ɗanyar kaza tana ɗauke da ƙwayoyin cuta.