Yadda Ake Canza Faifan Injin Yankan Ƙarfe Lami Lafiya

Duk wanda ya taɓa ratsa Suame Magazine, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe a Kumasi, da hantsi ya san ƙarar injin yankan ƙarfe tun kafin ya hango shi, haka ma wanda ke zaune kusa da shagunan masu walda a Aboabo ko Asawase. Inji ne da ke rage wahala ƙwarai, domin rodi ko bututun da zarton hannu zai ɗauki lokaci a kansa, shi cikin daƙiƙu kaɗan yake gamawa da shi. Amma aikin canza masa faifai, wanda galibi ake barin yaran shago da shi saboda ana ganin ƙaramin abu ne, shi ne lokacin da yatsun mutum suke zama a daidai inda ƙarfe yake zama idan ana yanka.

Abu na farko, kuma wanda na fi son mai karatu ya riƙe, shi ne zare wayar injin daga soket, sannan ka ajiye kan wayar a inda idonka yake ganinsa har ka gama. Idan mai batir ne, ka cire batirin ka sa shi a gefe. Kashe makunni kaɗai bai wadatar ba, ballantana dogaro da cewa an ɗauke wuta. Mu da muka sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Ghana, musamman a wajajen 2015, mun saba da cewa lokacin da wuta ta tafi shi ne lokacin gyare-gyare, kuma nan ne haɗarin yake. Da yawa daga cikin injinan nan suna da ɗan maɓalli da ke riƙe makunni a danne don kada hannu ya gaji, to idan wuta ta tafi ana tsakiyar yanka, sai a manta an bar shi a haka. Na taɓa tsayawa a wani shago ina jiran a yanka mini ƙarfen taga, wani yaro ya durƙusa yana kwance faifai da sifana a kan notin, sai kawai aka kawo wuta. Injin ya zabura, sifanar ta tashi ta daki kwanon rufi, yaron kuwa ya koma da baya ya zauna a ƙasa yana duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya kiyaye, amma da hannunsa na hagu yana riƙe da bakin faifan kamar yadda aka saba, da labarin ya sha bamban. Wannan ƙa'ida ta shafi mai aiki da janareta ma, domin wani yana iya tayar da ita a bayan shago bai san kana ciki ba.

Bayan haka ka ba faifan lokaci ya huce, domin wanda aka gama aiki da shi yanzu yana iya ƙona fata, ka kuma sa safar hannu mai kauri da tabarau na kariya. Injinan hannu da aka ƙera don ƙarfe suna da ɗan akwati a jikin murfi inda ɓurɓushin ƙarfe ke taruwa, sai ka buɗe shi ka zubar, ka share sauran da buroshi. Kada ka hura da baki.

Kafin ka taɓa noti, ka tabbata sabon faifan da ka sayo na wannan injin ne, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi bayani, domin injinan da ke kan teburan shagunanmu iri biyu ne masu kama da juna. Na farko shi ne wanda aka fi sani, mai amfani da baƙin faifan gurza wanda ba shi da haƙora, yana cin ƙarfe yana watsa tartsatsi. Faɗin faifansa yawanci milimita 355 ne, wato inci 14, ramin tsakiyarsa milimita 25.4, kuma yana juyawa kusan sau 3,800 a minti ɗaya. Na biyu yana amfani da faifan ƙarfe mai haƙora masu tauri, yana yanka ba tare da zafi da tartsatsi mai yawa ba, kuma an rage masa gudu zuwa wajen juyi 1,300 ko 1,500 a minti. Tunda faɗin da ramin sukan zo ɗaya, faifai mai haƙora zai shiga injin gurza daram, kuma wannan shigar ce ke yaudarar mutane. Gefen faifai mai milimita 355 da ke juyi 3,800 a minti yana gudun da ya haura kilomita 250 a awa, kuma haƙoran da aka yi don kashi ɗaya cikin uku na wannan gudu za su ɓalle su fito kamar harsashi. Kowane faifai na kirki an rubuta masa iyakar juyin da zai iya ɗauka, injin ma an rubuta nasa a ɗan allon da ke jikinsa, kuma dole ne lambar faifan ta kai ta injin ko ta fi ta. Faifan da ba a rubuta masa komai ba, a ganina, bai cancanci ko sidi ɗaya ba, komai arahar da mai shago ya yi maka. Faifan katako kuwa ba ya cikin lissafi sam.

Idan faifan gurza ne, ka duba zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa, za ka ga an buga wata da shekarar da wa'adinsa ke ƙarewa, wanda yawanci shekara 3 ne daga lokacin da aka ƙera shi. Dalili shi ne ƙaron da ya haɗa ƙwayoyin gurzan yana raunana da daɗewa, danshi kuma yana gaggauta hakan, ga shi Kumasi gari ne mai damina biyu a shekara. Faifan da ya kwana a ƙasan kwantena ruwa ya taɓa shi, ko wanda ya faɗi, ko wanda gefensa ya ɓantare, a jefar da shi. Idan mai haƙora ne, ka bi haƙoran da ido ɗaya bayan ɗaya, ka kuma zaɓi wanda ya dace da aikin: ƙarfe siriri yana buƙatar haƙora masu yawa, almini da ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa kowanne da nasa faifan.

Kwancewar kanta ba ta da wuya. Ka ɗaga kan injin, ka janye murfin da ke rufe faifai, ka danna maɓallin da ke kulle sandar da faifan ke kai, kana juya faifan a hankali da hannu har ka ji ya cije. Wannan maɓalli ba a danna shi sai faifan ya tsaya cak. Sannan ka sa sifanar da ta zo da injin, ko wadda ta yi daidai da kan notin ba tare da wasa ba. Wasu injinan notinsu na kwancewa ta hagu, wasu ta dama, kuma an sha lalata noti saboda ana ɗaure shi da sunan kwancewa. An tsara shi ne ta yadda juyin injin zai ƙara matse shi, don haka ana kwance shi ta ɓangaren da faifan yake juyawa, wato ta inda kibiyar da ke jikin murfi ta nuna. Idan ya ƙi, ka ɗiga masa mai ka jira, maimakon ka kawo guduma.

Da notin ya fita, ka zare washar waje, sannan faifan, ka jera su a kan tsumma yadda suka fito don kada ka juya fuskar wata wajen mayarwa. Washoshin nan biyu masu faɗi su ne suke riƙe faifan a miƙe, kuma ƙwayar ƙarfe guda da ta maƙale tsakaninsu da faifai ta isa ta sa shi rawa, rawar kuma ita ce mafarin tsagewa. Ka goge su tas, ka shafa da yatsa ka ji ko akwai lanƙwasa ko kaushi. Idan ɗaya ta lalace a nemo irinta, kada a maye gurbinta da wata ƙaramar washa da aka tsinta a kwandon tarkace.

Sabon faifai ya kamata ya zauna a kan sanda ba tare da an tilasta shi ba, kuma ba tare da yana lilo ba. Ramin da ya yi ƙanƙanta ba a faɗaɗa shi da magagari, wanda ya yi girma kuma ba a cike shi da waya ko gwangwani. Mai haƙora yana da kibiya a fuskarsa, wadda dole ta bi hanya ɗaya da kibiyar murfi: a injin tebur haƙoran da ke fuskantarka suna kallon ƙasa, a injin hannu kuwa na gaba suna kallon sama. Ka mayar da washar waje, ka fara ɗaura notin da yatsu don ka ji ya hau daidai, sannan ka kulle sandar ka ƙarasa da sifana da ƙarfin hannu ɗaya. Ɗabi'ar zura bututu a kan sifana don ƙara ƙarfi tana murƙushe tsakiyar faifan gurza, kuma gobe kai ne za ka sha wahalar kwancewa.

Ga masta mai yara a ƙarƙashinsa, wannan shi ne wurin da ya kamata ya zo da kansa ya duba kafin a jona waya. A cire sifana daga kan noti, a tabbata maɓallin kulle ya saki, a juya faifan da hannu zagaye ɗaya cikakke a ji ko yana gogar wani abu, a kuma saukar da kan injin a ga murfin yana buɗewa yana komawa da kansa. Na san shaguna da dama suna cire murfin ko su ɗaure shi da waya wai yana hana ganin layi, alhali shi kaɗai ne zai tare gutsuren faifai idan ya fashe.

Sai yanzu za ka cire safar hannu mai sako-sako, ka duba cewa makunni yana a kashe, ka jona waya, ka tsaya a gefe, ba a saitin faifan ba, ka kuma kori duk wanda ke tsaye a saitin. Ka bar injin ya yi gudu kamar minti ɗaya babu ƙarfe a ƙarƙashinsa, kana saurare. Idan ka ji girgiza ko wata ƙara da ba ka saba ji ba, ka kashe, ka zare waya, ka sake kwancewa daga farko. Idan ya tafi sumul, ka matse wani guntun ƙarfe a mariƙin injin ka gwada yanka ɗaya a hankali, kana barin faifan ya ci da kansa, kafin ka ɗauko ƙarfen mai aiki.