Yadda za ka yanka katako daidai awo da ƙaramin injin CNC

Toh jama'a, tunda na ajiye ƙaramin injin CNC a shago, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, tambayar da abokan sana'a suka fi yi min ita ce wai zai iya yanka katako ya fitar da awo kuwa, ko dai aikinsa sassaƙa fure da rubutu a jikin ƙofa ne kawai. Yana yi sosai, in dai maganar awo ce babu hannun da zai kamo shi, ka yanka gefen durowa guda 20 duk su fito kamar an tsaga kara. Amma fa ba shi da sauri, yankan da injin zarto zai yi kafin ka ƙifta ido shi sai ya yi ta zagaye yana ci kaɗan kaɗan, shi ya sa ni nakan fara rage katakon da zarto in bar rarar kamar santimita 2 ta kowane gefe, shi kuma injin ya fitar min da awon ƙarshe.

Irin injin da nake nufi su Shapeoko ne da X-Carve na Amurka da masu kama da su. Wancan ɗan mitsitsin da ake kira 3018 kada ka wahalar da shi, teburinsa santimita 30 da 18 ne kuma ba shi da ƙarfin cin katako mai kauri. Su ma manyan mafi yawansu teburinsu bai kai mita ɗaya ba, filawud kuwa cikakke 1220 da 2440 ne a milimita, ka ga dole ka raba shi tukun. In daga Amurka aka kawo maka, dan Allah duba jikin motar injin kafin ka jona, wutarsu volt 120 ce tamu kuma 230.

Abu na farko, kuma nan ne mutane suke ƙosawa su tsallake, ka gwada ko injin naka yana faɗin gaskiya. Ka ja bel ɗinsa su yi tauri, sannan ka ba shi umarni ya yi tafiyar milimita 500, ka sa alama inda ya tashi da inda ya tsaya, ka auna da rula ta ƙarfe. In 498 ka samu to duk abin da zai yanka maka gajere zai fito. Waɗanda ke aiki da GRBL, wato manhajar da ke cikin injin tana tuƙa shi, gyaran yana cikin saitin da ake kira $100 da $101, ka ɗauki lambar da ke ciki ka ninka da 500 ka raba da 498, misali in 40 ce za ta koma 40.16, ka shigar ka sake gwadawa har ya zauna. Daga nan ka yanka murabba'i babba a jikin ragowar katako ka auna shi kwana zuwa kwana ta ɓangarori biyu, in awon bai zo ɗaya ba injin ya karkace, kuma wallahi duk kabad ɗin da ka haɗa da wannan katako ƙofarsa ba za ta rufu daidai ba.

Ƙarƙashin aikinka dole akwai allon MDF (katakon da ake yi da matsattsen garin itace) na sadaukarwa wanda baki, wato ƙarfen da ke juyawa yana yankan, zai riƙa taɓawa, shi ma ka sa injin ya share samansa da faffaɗan baki ya daidaita.

Yanzu katakon kansa. Kada ka yarda da kaurin da aka faɗa maka a kasuwa, filawud ɗin da ake ce wa milimita 18 sau da yawa 17 da ɗoriya ne, ka auna da kanka a wuri biyu ko uku, ka ƙara 0.3 a zurfin yanka don ya ratsa gaba ɗaya. In kuma ɗanyen katako ne irin malaina ko maɗaci ka bar shi ya sha iska a shago ya bushe, musamman lokacin hunturu, don in ka yanka shi da danshi bayan sati awon ya gudu kuma ba laifin injin ba ne.

A manhaja, ko Easel kake amfani da ita ko Carbide Create ko VCarve, za ta tambaye ka a ina bakin zai bi, wajen layi ko cikin layi ko kan layi. Don fitar da awo wajen layi za ka zaɓa. Na taɓa barin shi kan layi ina yanka shelf guda 8, bakin kwata inci ne wato milimita 6.35, ya cinye rabin faɗinsa ta kowane gefe, na ɗauko na farko na sa a jikin kabad sai gashi yana lilo, duka takwas ɗin sun gaza da 6.35 cif, filawud guda ya tafi a banza kuma na mai aiki ne, raina ya ɓaci ƙwarai ranar. Haka nan ka tabbatar da girman bakin, na milimita 6 da na kwata inci a ido kamar ɗaya suke, in ka sa na 6 ka gaya wa manhaja 6.35 katakon zai fito da rarar 0.35.

Riƙe katako kuwa, ni sukuru nake ɗaurawa a cikin rarar nan da na bari, nesa da hanyar baki. Sannan ka sa 'yan gadoji a manhaja, wato ƙananan wuraren da injin zai tsallake ya bar su haɗe, faɗin milimita 8 kaurin 3, guda huɗu ko shida, in babu su da zarar ya kusa gama zagayen ƙarshe katakon zai motsa, baki ya cafke shi ya ɓata gefen ko ma ya karye. Ƙananan abubuwa kuma sai ka manna tef na takarda a tebur da bayan katakon ka haɗa su da sufa gulu, yana riƙewa da kyau.

Baki iri iri ne, mai jan dusa sama yana fitar da ita amma yana tsattsage fuskar filawud, mai tura ta ƙasa yana barin fuska sumul sai dai dusar tana cushewa cikin ramin ta yi zafi, har wuta tana iya kamawa, don haka ka riƙa zuƙe ta. Da bakin kwata inci mai haƙori biyu nakan fara da zurfin milimita 3 kowane zagaye, juyi 18,000 a minti, tafiya kamar milimita 1500 a minti. Ka kalli abin da ke fitowa, in 'yan ɓarɓashi ne to lafiya lau, in gari ne laushi kamar fulawa ga ƙauri ga gefen yana baƙi to tafiyar ta yi sanyi baki yana goga ne kawai, ƙara masa sauri ko ka rage juyi. Dabarar da ta fi gyara min aiki ita ce in bar milimita 0.3 a gefe, in ya gama ratsawa sai ya dawo zagaye ɗaya ya share ta daga sama har ƙasa, saboda irin waɗannan injin suna ɗan lanƙwasa in suna cin nauyi.

Wajen saita sifirin sama, wato inda injin zai fara ƙirga zurfi, ka sa farar takarda tsakanin baki da katako kana saukowa a hankali har ta fara kamawa. Ka rubuta lambobin inda ka fara a littafi bayan injin ya koma gidansa, wato kusurwar da yake fara ƙirga awo daga ita, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki da su za ka dawo daidai wurin. Ka sa takunkumi da gilas da abin toshe kunne, ƙurar MDF mugun abu ce ga ƙirji, kuma kada ka tafi ka bar shi yana aiki ko na minti biyar.

In ya gama ka datse gadojin da ƙaramin zarto ka bi da sanfefa, ka auna wannan na farkon tsawo da faɗi da kwana zuwa kwana, in ya yi daidai sannan ka ɗora sauran.